Murar da ta kwantar da hostal ɗinmu, kuma ga jarrabawa ta matso

Ummin Malali:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a wuya tun shekaranjiya. A ɗakinmu mu takwas ne, kuma cikin kwana goma, mutum shida sun kwanta, ni ce ta huɗu. Ba irin murar nan ta yoyon hanci da atishawa ba da mutum zai ɗaura ɗankwali ya wuce lakca, a'a, da safe lafiyata ƙalau na je aji, kafin la'asar jikina ya ɗau zafi kamar garwashi, ƙasusuwana kamar an min duka da taɓarya, ga tari busasshe ga ciwon kai, kwana uku ko ruwan wanka ban iya ɗebowa ba. Ni dai na tashi alhamdulillah. Amma ƙawata da ke gadon ƙasana mai sikila ce, ita da ta kamu ciwon ƙirji ya biyo baya, ƙarfe biyun dare muka nemo keke muka fita da ita tana numfashi da ƙyar, yanzu haka tana asibiti da robar iska a hanci. Likitan da ya karɓe ta ya tambayi mamanta ko ta yi allurar rigakafin mura ta bana, muka kalli juna, wallahi babu wadda ta taɓa jin akwai wata allura ta mura a cikinmu. Shi ne nake tambaya, wa ya san ta? A ina ake yi a Kaduna? Kuma me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?

Ɗan Kawo:
Subhanallah. Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Mu ma ɓangaren maza haka ake ciki, da daddare tari kawai kake ji ɗaki-ɗaki.

Ladi Barnawa:
Sannu Ummi, Ubangiji ya taɓa ta. Ranar Lahadi rabin 'yan kwayarmu ba su zo ba, duk muryoyi sun dishe.

Ɗan Rigasa:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma gaskiya ni ban ga abin allura a nan ba, hunturu ne kawai, duk shekara in hazo ya sauko haka ake yi tun muna yara. A sha citta da kanumfari da lemun tsami da zuma, a rufe ƙirji, a daina wanka da ruwan sanyi da asuba, shikenan. Komai sai an kawo mana allura.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Ummi, sannu da ƙoƙari, kun kyauta da kuka fita da ita a daren ba ku jira gari ya waye ba. Ɗan Rigasa ƙanena tsaya ka ji. Matsalar daga sunan take, mu da Hausa komai mura muke cewa, alhali abu biyu ne. Akwai mura ta yau da kullum, tana shigowa a hankali, hanci ya toshe, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, kana yawonka. Akwai kuma infuluwenza, wadda ita ce Ummi ta siffanta tsaf: farat ɗaya take kayar da mutum, zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki, kasala, busasshen tari wanda zai iya kai sati biyu ko fiye. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, sanyi kuma yana sa mu rufe tagogi mu cunkushe waje ɗaya, duk wannan yana taimaka mata, amma ba sanyin ne ke haifar da ita ba, ƙwayar bairos ce da ke fita daga bakin mai ita in ya yi tari ko atishawa ko magana ma. Daga shaƙarta zuwa kwanciya yawanci kwana biyu ne, wani ɗaya wani har huɗu. Abin da ya fi muni, mutum yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai. To ku lissafa ɗaki mai mutum takwas da taga a rufe.
Cittarka da zumarka ban hana ba, ni ma ina sha, suna sanyaya maƙogwaro. Kai mai ƙarfi ne za ka tashi in sha Allah. Mai sikila, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai juna biyu, ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, tsoho, su ne take kaiwa gadon asibiti, wani lokacin ta zame musu nimoniya, wato ciwon huhu.

Maman 'Yan Biyu:
Anti kin ce mai juna biyu gabana ya faɗi. Wata shida gare ni kuma kullum ina cikin babban ɗakin lakca ɗin nan da ake zama har kan taga. Mai ciki tana iya yin allurar kuwa? Ni ko farasitamol sai na tambaya nake sha.

Anti Nas:
Tana iya yi Hajiya, a kowane wata na cikin, masu ciki ma suna sahun gaba cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yi wa. Kuma kariyar tana ratsawa ta kai ga jaririn, ta riƙe shi watannin farko, don shi ba a yi masa sai ya kai wata shida. Ki ɗaga maganar a wajen awo ranar da za ki koma, likitarki ta san jikinki fiye da ni.

Ɗan Rigasa:
Anti da girmanki, amma ku ma'aikatan lafiya kun manta abin da aka yi a Kano a 1996? Yara aka yi gwaji a kansu lokacin sanƙarau, wasu suka mutu wasu suka nakasa. Shi ya sa iyayenmu suka ƙi ta shan inna a 2003. Ba haka kawai mutane suke gudu ba.

Malam na Maikro:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan fannina ne. Ɗan Rigasa abin da ka faɗa ya faru, babu mai musu, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kusan rabinsu aka ba shi sauran aka ba su wani magani, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Duk wanda ya ce ka manta da wannan bai yi maka adalci ba. Sai dai Trovan sabon maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake gwadawa a lokacin, ba rigakafi ba ne. Ita allurar infuluwenza tun shekarun 1940 ake yin ta, duk shekara miliyoyin mutane suke karɓa a Saudiyya da Ingila da Amurka da sauransu, su da 'ya'yansu. Ka tambayi duk wanda ya je Hajji, hukumar lafiyar Saudiyya tana ba alhazai shawarar su yi ta, saboda sun san abin da cunkoso yake haifarwa, tarin da alhazai ke dawowa da shi kowa ya san shi. Kuma ka tuna ƙin allurar shan inna da aka yi, yaranmu ne suka biya, cutar ta sake bazuwa har maƙwabta, sai 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta, wadda ake kira ta daji.

Bari in ƙara muku wani abu da ɗalibaina ke mamaki in na faɗa a aji. Lokacin da murar tsuntsaye H5N1 ta fara bayyana a gonakin kaji na nahiyar Afirka, a nan jiharmu aka fara tabbatar da ita, wata gona a Jaji cikin ƙaramar hukumar Igabi, Fabrairun 2006. Waɗanda suka yi wayo lokacin za su tuna yadda kaji suka yi kwantai a kasuwa. Dangi ɗaya ne da wadda muke magana a kai, duk infuluwenza ce, sai dai waccan ta tsuntsaye ce ba ta saba tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. In muka koma baya kuma akwai annobar 1918 wadda tsofaffinmu ke kira marisuwa, ta jirgin ruwa ta sauka Legas ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta hauro Arewa, Kaduna kuwa a kan layin dogon take, masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen dubu ɗari biyar a Najeriya kaɗai, kuma matasa majiya ƙarfi ta fi ɗauka. Ba ina tsorata ku ba ne, ta bana ba irin waccan ba ce. Amma ko ta kowace shekara, lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum kusan biliyan ɗaya ke kamuwa, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu tsanani, tsakanin 290,000 da 650,000 su rasu.

Ɗan Kawo:
Malam mun gode, wallahi ban taɓa sanin maganar Jaji ba kuma nan muke wucewa in za mu Zariya. Tambayata, wani yayana da ke aiki a waje ya ce duk shekara ake sake yin ta. Me ya sa? Ta ƙyanda ai tun muna jarirai aka yi aka gama.

Malam na Maikro:
Saboda ƙwayar ƙyanda kusan fuskarta ɗaya ce tun da can, ita kuwa wannan kullum cikin sauya kama take, sojojin jikinka sun haddace fuskar bara sai ta bana ta zo da wata. Akwai dakunan gwaji a ƙasashe da yawa da ke tattara samfur, mu ma a Najeriya ana yi tun 2008 ta wasu asibitoci a Abuja da Kano da Legas da Nnewi. Daga nan ake zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, a zaɓi nau'o'in da za a zuba a allura mai zuwa, yawanci H1N1 da H3N2 da nau'in B. Ga shi kuma ƙarfin kariyar yana raguwa bayan watanni. Zan gaya muku gaskiya don kar gobe a ce Malam ya yi ƙari: ba ta karewa ɗari bisa ɗari. A shekarar da aka dace da zaɓin tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wata shekarar ƙasa da haka. Amma wanda ya yi ta ya kamu, galibi ciwon yana zuwa masa da sauƙi, kuma ga mai sikila wannan bambancin shi ne tsakanin kwana uku a ɗaki da sati biyu a asibiti.

Ladi Barnawa:
Malam ni wata antina ta yi, washegari ta kwana da zazzaɓi ta ce allurar ce ta sa mata murar.

Anti Nas:
Ladi ba za ta iya sa mura ba, wadda ake yi a dantse ƙwayar cikinta matacciya ce. Ciwon hannu, ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu ana samu, jiki ne ke aikinsa. Kuma sai ta yi kamar sati biyu kafin ta fara karewa, to in mutum ya riga ya shaƙi ƙwayar kafin nan zai kwanta ya ɗora wa allura. Wanda ya taɓa samun mummunan kumburi ko sarƙewar numfashi bayan wata allura shi ne zai faɗa kafin a yi masa, mai zazzaɓi mai zafi kuma ya bari ya warke tukuna.

Ummin Malali:
To Anti a ina ake samu? Na je kilinik ɗin makaranta jiya na tambaya aka ce babu, aka ba ni farasitamol da wani jan kafso.

Anti Nas:
Nan ne gizo ke saƙar. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi irin su BCG da ta ƙyanda da ta shawara, shi ya sa ba ku taɓa ji ba. Sai asibitoci masu zaman kansu da manyan kantunan magani, kuma da kuɗi ne, wani wajen ma sai an yi oda. Ba zan ambaci sunan waje a nan ba kar a ce talla nake. Amma duk inda kika je ki duba abu uku da idonki: lambar NAFDAC, shekarar da aka rubuta a kwalin da ranar ƙarewar aiki, sannan daga firji mai aiki aka ciro ta. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, ba ta son zafi ba ta son daskarewa, da yanayin wutarmu kuwa in wajen ba shi da sola ko janareta tsayayye ki juya kawai.
Jan kafson nan kuma menene sunansa? In amoksisilin ne ko Ampiclox ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Abin nan yana ci min rai, kullum sai na ga ɗalibi ya shiga kemis ya haɗo maganin maleriya da antibayotik da Procold ya ƙara da farasitamol a kai, bai san Procold ɗin da farasitamol a cikinsa ba, ya ninka wa hantarsa aiki. Babba kar ya wuce giram 4 a kwana ɗaya duka-duka. Zazzaɓi in ya zo a yi gwajin maleriya na tsinke, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne, in babu ita a daina shan maganinta. Kar a ba yara asfirin. Maganin tari mai kodin kuma kun san an hana shi tun 2018, kar wani ya ce zai nemo muku ta bayan fage. Akwai maganin infuluwenza na ainihi, oseltamivir, amma likita ke rubutawa kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48, shi ya sa masu sikila da asma da masu ciki ba a son su zauna a ɗaki suna jiran su ga hali.

Baban Ilham:
Ni dai ga shawarata a matsayin wanda ke karatu da iyali a wuya. Yawancinmu kuɗin makaranta ma da kyar, ba kowa zai iya allura duk shekara ba, kar mu yaudari kanmu. Amma masu lalurar nan a ajinmu su nawa ne? Ba su da yawa. Ƙungiyar ɗalibai da ke karɓar kuɗinmu duk zango da MSS ta ɗalibai Musulmi da fellowship ɗin su Ladi na ɗalibai Kirista in suka haɗa hannu ai za a iya ɗaukar nauyinsu. Kuma cikin kuɗin rajista muna biyan na inshorar lafiya, TISHIP, a tambaya a rubuce ko za a iya shigar da wannan ciki.

Wakilin Aji Uku:
Duk na yarda, amma akwai abin da kowa ke zagayewa. Anti ta ce mai ciwo ya zauna a ɗaki. Ta yaya? Sai kana da kashi 75 na halartar lakca za ka zauna jarrabawa, wani malamin kuma zai shigo ba sanarwa ya ce a yago takarda tes, in ba ka nan ka rasa maki goma ko ashirin, ka kawo takardar asibiti ya ce shi ba ruwansa. Satin da ya wuce da idona na ga yarinya tana rawar sanyi cikin hijabi biyu tana rubuta tes, ta kifa kai a kan benci tana tari, mutum huɗu a jikinta dama da hagu. Laifinta ne? Ni na san da ta zauna da yanzu tana kukan maki. In ba a gyara wannan ba ko allura nawa aka yi haka za mu ci gaba da raba wa juna.

Malam na Maikro:
Wakili ka taɓo inda yake ciwo, kuma ɓangarenmu ne. Ni a kwas ɗina daga yau duk mai zazzaɓi ya turo saƙo ta hannunka ya zauna, sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da ya sha magani ba sannan ya dawo, tes kuma zan sake masa. Sauran malamai ba ni da iko a kansu, amma in kun rubuto takarda zan kai ta taron sashe da hannuna, daga nan ta wuce ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ku rubuta ta da ladabi, ku sa adadin waɗanda suka kwanta a kowane ɗaki, ba sunaye ba.

Ɗan Rigasa:
Malam wannan kam na goyi baya ɗari bisa ɗari. Allurar ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, ba zan ɓoye ba. Amma ƙanwata tana da asma, zan nuna wa Hajiyarmu abin da Anti ta rubuta. Kuma gaskiya ko a addini an ce kar a haɗa mara lafiya da mai lafiya, kuma Annabi (SAW) in zai yi atishawa yana rufe fuskarsa da hannu ko mayafi.

Anti Nas:
Madalla ƙanena, ka kai ta wajen likitanta ku yi maganar tare. Atishawar kuma a yi ta cikin gwiwar hannu ko tishu a jefar, in a tafin hannu aka yi sai a wanke da sabulu kafin a gaisa da kowa. Ummi ku buɗe tagar ɗakin nan ko ta awa biyu ce da rana in ƙura ta lafa, na san sanyi amma iska mai fita ta fi muku. Kofi ɗaya da cokali ɗaya da ake yawo da su a dakata, haka ledar ruwa da ake sha a miƙa wa na kusa. Mai tari in dole ta fita ta sa takunkumi, na zamanin korona da ke ƙasan akwatinku a wanke. Ruwa da kunu da romo a yi ta sha.
Ga abubuwan da in kun gani ko tsakar dare ne ku fita da mutum: numfashi da ƙyar ko da sauri, ciwon ƙirji, leɓe ya canza kala, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa, fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya sauka kwana biyu sannan ya dawo da tari mai majina. In wuya ya sanƙare ga ciwon kai mai tsanani wannan ba mura ba ce, ku yi zargin sanƙarau ku ruga, musamman da zafi ya fara shigowa.

Maman 'Yan Biyu:
Na kwafe duka na tura gurup ɗin matan aure na sashenmu. Awona ranar Talata ne, zan tambaya in dawo muku da abin da aka ce har da kuɗin.

Ladi Barnawa:
Ni zan yi wa shugaban fellowship magana yau bayan addu'ar yamma. Wakili a sa maganar ruwa a takardar dan Allah, famfon bulok ɗinmu kwana biyar ke nan babu, da me za a wanke hannun?

Wakilin Aji Uku:
An sa. Abu huɗu ke nan: uzurin mara lafiya da sake tes, allura ga masu lalura, TISHIP, ruwa da sabulu a hostal. Baban Ilham kai ka iya rubutun ofis, mu haɗu gobe bayan azahar a gindin bishiyar gaban laburare, ni zan zo da lissafin ɓangaren maza. Ummi ke za ki iya tattaro na mata?

Ummin Malali:
Zan iya, na riga na fara da hawanmu. Yanzu na dawo daga asibiti, an cire mata robar iskar da rana, ta sha kunun gyaɗa rabin kofi har ta tambaye ni ko an sa ranar tes ɗin da ta rasa. Mamanta ta ce in gode muku da addu'a. Wakili a turo min lambar malamin kwas ɗin ta ciki, takardar asibitin tana hannuna.